DARASI: Yadda ake haifar da kifin ado a gida, da dalilin da ya sa hunturun Zariya ya dace da shi

Yau za mu ɗan ajiye tarwada da karfasa, mu yi magana kan kifin gwal, wanda masu sayarwa ke kira goldfish. Shi ne jan kifin nan da kuke gani cikin gilashi a otal-otal da falon gidaje.

Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka shafe sama da shekara 1,000 ana kiwonsa. Daga can ya shiga Japan da Turai, aka yi ta zaɓen iri har aka samu masu jela biyu irin su Fantail da Ryukin, da Oranda mai tudu a ka, da Black Moor baƙi mai manyan idanu. Ga mai farawa, ni Fantail nake ba da shawara, don ya fi sauran juriya.

1. Lokaci

Duk mai ƙyanƙyasar tarwada ya san wahalar Disamba da Janairu: kifi ba ya cin abinci sosai, ƙwai ba ya fashewa yadda ake so. To shi kifin gwal wannan sanyin yake buƙata. A lokacin sanyi ne mace ke haɗa ƙwai, idan ruwa ya fara ɗumi ya kai wajen digiri 20 zuwa 23, sai ta zuba. A nan Hanwa, tankin da ke waje yakan yi sanyi sosai da daddare a hunturu, sannan ya fara ɗumi daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Wannan ita ce damarmu, ba sai mun sayi injin sanyaya ruwa ba. Ka nemi ma'aunin zafi ka riƙa dubawa safe da yamma.

2. Zaɓen iyaye

Ka nemi waɗanda suka haura shekara ɗaya, masu shekara biyu sun fi. Idan lokaci ya yi, namiji yakan fitar da ƙananan fararen ƙuraje a murfin kunnensa da fikafikan gaba. Ba cuta ba ce, alamar ya shirya ce. Mace kuma cikinta yakan cika ya yi laushi. Ka raba su na mako biyu zuwa uku, kana ba su abinci mai kyau kaɗan-kaɗan, kamar yankakkiyar tana da dafaffen alayyafo. Wannan kifi ba shi da tumbi irin na tarwada, cika masa abinci lokaci guda ɓata ruwa ne kawai.

Ga wani sauƙi: babu allurar Ovaprim, babu yanka namiji don ciro maniyyi. Iyayen nan za su sake yi maka aiki baɗi.

3. Wurin haihuwa

Baho ko tankin roba mai cin lita 100 zuwa 150 ya isa, zurfin ruwa kamar santimita 25. Idan ruwan famfo ne, ka bar shi ya kwana aƙalla ɗaya a buɗe saboda sinadarin kulorin. Ƙwan yana da danƙo, don haka sai ka sa masa abin mannewa: tufkar zaren ulu, ko zaren buhu da aka tsefe aka wanke, ko kainuwa. In kainuwa ce daga kududdufi, a wanke ta sosai, tana zuwa da ƙwari.

Da yamma ka haɗa maza biyu da mace ɗaya. Yawanci da asuba za ka ga mazan suna bin ta suna tura ta cikin zaren. Mace ɗaya tana iya zuba ɗaruruwan ƙwai, babba ma ta haura dubu. Suna gamawa ka kwashe iyayen nan take, don cinye ƙwansu suke yi.

4. Ƙyanƙyasa da reno

Ƙwai mai rai garau yake, launin zuma. Wanda ya yi fari fat ya mutu, a cire shi kafin fumfuna ta kama na kusa. A irin wannan ɗumin, cikin kwana 3 zuwa 5 za su fashe. Kwana biyu zuwa uku na farko kada ka ba su komai, suna rayuwa ne da guzurin da ke cikinsu. Da sun fara iyo, sai a ba su Artemia, irin wadda muke ba 'ya'yan tarwada. In babu, gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka tace a ƙyalle, ɗan mitsitsi. Gwaiduwa tana saurin ruɓar da ruwa, don haka kullum ka zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, ka canza kamar kashi ɗaya cikin biyar na ruwan. Ka rufe bahon da gidan sauro saboda kwaɗi da mazari.

Kada ka tsorata in ka ga 'ya'yan sun fito ruwan ƙasa-ƙasa. Ba cutar ka aka yi ba, jan launin sai bayan wasu watanni yake bayyana.

5. Inda ake asara

Na farko, zafin Maris da Afrilu. Ruwa in ya haura digiri 30 iskar cikinsa raguwa take yi, za ka ga kifi sun taso sama suna haki. Ka sa baho a inuwa, ka rage cunkoso, ka tanadi injin hura iska mai batir ko sola, tunda mun san halin wuta.

Na biyu, ƙin tacewa. Ko iyaye masu jela biyu ne, cikin 'ya'yan za a samu masu jela ɗaya ko karkatacciya. Daga mako na huɗu zuwa na shida ka fara ware masu kyau. Kifi 50 masu siffa sun fi 500 da suka tsumbure. Waɗanda ka ware ka ba yara ko ka sayar da arha, amma don Allah kada a zuba su a Kubanni ko wani rafi. A ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya, waɗanda aka saki sun zama annoba ga kifin gida.

Na uku, kasuwa. Tarwada a kilo ake sayar da ita, kuma kullum akwai mai ci. Wannan kuwa ɗai-ɗai ake saye, don kyau. Kafin ka kashe kuɗi, ka zagaya wurin masu sayar da kifin ado a Zariya, Kaduna ko Kano, ka ji irin da suke nema da girman da suke karɓa. Ka fara da baho ɗaya a matsayin sha'awa, in ka ga masu saye sai ka faɗaɗa. Kada ka taɓa jarin kajinka saboda shi.

Wanda ke son gwadawa a bana, ya nemi iyaye tun Nuwamba don su sha hunturu a hannunsa. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa in sha Allah. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.