Mai Tafiya Haƙar Zinare a Ghana, Ka Kula da Zazzaɓin Bayan Dawowa

Mai shirin zuwa Obuasi ko Tarkwa ko Dunkwa neman zinare ya san zancen takardu da kuɗin mota. Abin da ba a cika yi wa tanadi ba shi ne zazzaɓin da ke biyo mutum har gida. A 2013, da gwamnatin Ghana ta fatattaki baƙin da ke haƙa ba da izini ba, dubban 'yan China suka koma gundumarsu ta Shanglin. Daga Mayu zuwa Agusta aka samu maleriya a jinin mutum 874 cikin 4,052 da suka dawo daga waje, akasarinsu mahaƙa, wasu ko ciwon kai ba sa ji. Dalilin a fili yake: ramin da aka bari ruwa ke kwanciya a ciki, sauro ya hayayyafa, ga ma'aikaci kwance a bukkar leda dab da ramin, ba gidan sauro.

Wani zai ce ai su baƙin sauro ne, mu kuwa da shi muka tashi. Da gaskiyarsa, amma sabon da jiki ke yi ba cikakkiyar kariya ba ce, kuma yakan ragu. A Arewa cutar ta fi ƙarfi da damina, a kurmin Ghana kuwa ba ta da hutu duk shekara. Ga shi ba ta nuna kanta sai bayan kwana 7 ko fiye da cizon, wani nau'inta ma yakan laɓe a hanta ya taso bayan watanni. Shi ya sa mutum zai sauka lafiya lau, a sha barka da zuwa, sai sanyi ya rufe shi a ce gajiyar hanya ce. Maleriya mai tsanani kuwa, in aka yi mata jinkirin kwana guda, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Wani kuma zai ce me ya kai shi asibiti ga kemis a bakin layi. Mai kemis da zai kalle ka ya ce "maleriya da taifot" ya ƙulla maka ƙwayoyi ba gwaji, ciniki yake yi da ranka. Farasitamol zafin jiki kawai yake saukarwa, kulorokwin kuma ya daina cin nau'inta mai tsanani tuntuni. Gwajin ɗigon jini a yatsa bai kai rabin awa ba.

Saboda haka ka sa gidan sauro mai magani cikin kayanka tun daga gida. Bayan ka dawo, duk zazzaɓin da ya taso a gwada jini a ranar, ka faɗa wa likita inda ka fito. In an ba ka maganin maleriya na Coartem ka shanye na kwana 3 cif, ko da ka ji garau tun a rana ta biyu.