Tafarnuwa Da Kanumfari A Tafkin Kifi

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san kiwon kifi ya zama sana'a babba a ƙasarmu. Mutum zai haƙa tafki a bayan gida, ko ya gina kwami da siminti, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa ko ƙarfasa, ya yi ta ciyar da su har wata biyar ko shida kafin ya kai kasuwa. To, amma kifi ma yakan yi rashin lafiya, kuma cuta ɗaya tana iya cinye jarin mutum duka cikin 'yan kwanaki. Abin da nake so mu duba shi ne taimakon da itatuwa da kayan yaji ke iya bayarwa a nan, da kuma inda taimakon nasu ya tsaya.

Da farko dai, mene ne ke kawo cutar? Mafi yawa wasu ƙananan halittu ne da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Akwai wata mai suna Eromonas, wadda takan sa jikin tarwaɗa ya yi jajayen tabo da gyambo, cikinta ya kumbura, wutsiyarta ta zaizaye. Akwai kuma Sitireptokokas, wadda ta fi damun ƙarfasa lokacin zafi, ta sa idonta ya firfito, ta dinga juyi cikin ruwa kamar mai hajijiya. Hayayyafarsu kuwa abin tsoro ce. In ƙwaya ɗaya tana rabuwa biyu kowane minti 30, kafin awa 10 ta haura miliyan ɗaya. Wanda ke shakka ya ɗauki fensir ya lissafa.

Da mai kiwo ya ga kifi sun fara mutuwa, yawanci sai ya garzaya kemis ya sayo kafso ɗin nan ja da yalo, watau tetirasaikilin, ya farfasa ya zuba ba awo. A nan ne haɗarin yake. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa in aka ba da magani bai kai ƙima ba, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su rayu su haifi irinsu. Sa'an nan a saki ruwan tafkin ya gangara rafi inda ake wanka da ban ruwan lambu, kifin kuma a kai shi kasuwa da sauran magani a jikinsa. Ran da ɗan Adam ya kwanta ciwo, a ba shi irin wannan magani, yana iya ƙin yi masa aiki. Saboda irin wannan tsoro ne Tarayyar Turai ta hana sa waɗannan magunguna cikin abincin dabbobi don ƙara musu girma tun 2006.

Wannan ya sa masana suka waiwayi tsirrai. Tsiro ba ya iya gudu daga abokan gaba, saboda haka Allah ya ba shi makamai a jikinsa, watau sinadarai masu ɗaci ko yaji ko ƙamshi. Ga kaɗan daga cikinsu:

1. Tafarnuwa. In an daka ta, wasu abubuwa biyu da ke rabe a cikinta sukan haɗu su haifar da alisin, wanda shi ke kawo warin nan. An fara ware shi a 1944 a Amurka. Aikinsa shi ne ya shiga cikin bakteriya ya tsai da sinadaran da take rayuwa da su. Sai dai ba ya jure wuta, kuma ba ya daɗewa.

2. Kanumfari. Fiye da kashi 70 cikin 100 na mansa wani abu ne mai suna yujinol. Shi ne ke sa dasashi ya mutu in an ɗora kanumfari a haƙori mai ciwo. Yana huda tantanin da ya lulluɓe bakteriya, abin cikinta ya tsiyaye ta mutu.

3. Kirfa, da citta, da gangamau. Su ma kowanne yana da nasa sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa.

Yadda ake fitar da man ƙamshi daga irin waɗannan ba shi da wuyar ganewa. Akan tura tururi ya ratsa ta cikinsu ya kwaso man, sa'an nan a sanyaya tururin ya koma ruwa, man ya ware daban a kwashe. Wajen gwaji kuwa, akan shuka bakteriya a ɗan faranti, a ɗiga man a 'yar takarda a ɗora a tsakiya. Kashegari in an ga fili kewaye da takardar inda ba abin da ya tsiro, to, man ya yi aiki.

Amma fa faranti daban, tafki daban. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, kuma ƙamshinsa yakan bi iska. Shi ya sa aka fi cuɗa shi da abincin kifi kaɗan kaɗan, domin ya ƙara wa jikinsa ƙarfin kare kansa tun cuta ba ta kama shi ba. Kifin da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa ba ya ko kallon abinci, balle maganin ya shiga cikinsa.

Har ila yau, kada wani ya ce tun da abu daga itace ya fito ba ya cutarwa. Tun zamanin kakanni masunta sun san magimfa da ɓawon aduwa, waɗanda akan daka a zuba a ruwa kifi su bugu su taso sama. Ganyen dogon yaro ma in ya yi yawa yakan kashe kifi. Shi kansa man kanumfari, da shi masana ke sa kifi barci in za su auna shi, in kuwa aka zarce awo ba zai farka ba. Wanda ya bar kafso ya koma zuba saiwa ba lissafi, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Eromonas tana nan cikin ruwa kullum, ba ta samun galaba sai kifi ya galabaita saboda cunkoso, ko ragowar abinci ta ruɓe a ƙasan tafki, ko an ji masa rauni wajen kamu. Saboda haka maganin farko shi ne canza ruwa a kan kari, da rage cunkoso, da tsame matacce a binne shi nesa. Na biyu, tafarnuwa da 'yan'uwanta bisa awo. In cuta ta ɓarke duk da haka, a nemi likitan dabbobi, shi zai faɗi maganin da ya dace da kwanakin da za a jira kafin a sayar da kifin.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana masu karatun kimiyya. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da tafkin Kainji, muna noma tafarnuwa a Kano da Sakkwato, ga itatuwa cike da dazuzzukanmu. Aikin da ke jiranmu shi ne auna su, a san nawa ke warkarwa, nawa ke kashewa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibi na Aji Biyar