Naman Kazan Ƙasar Wuta

Da damina, in ruwa ya zauna, kukan ga laimar kwaɗi ta fito a juji, ko kuwa wani abu mai kama da kunne ya tsiro a jikin ruɓaɓɓen kututture. Waɗannan duka dangin naman kaza ne. Ba su da ganye, ba su yin fure, ba su kuma iya haɗa abincinsu da hasken rana yadda tsire-tsire ke yi. Ainihin jikinsu waɗansu zarurruka ne sirara ƙwarai, a ɓoye cikin ƙasa ko cikin itace, suna tsotson abinci. Abin nan da muke gani a waje kamar ɗa ne ga itace, daga gare shi iri ke fita, ƙanana kamar ƙura.

To, ga labarin wani iri guda wanda ba ya zama ko'ina sai a jikin itace mai rai.

Can a ƙarshen Amurka ta Kudu akwai waɗansu tsibirai masu sanyi da iska da yawan ruwan sama, ana ce da su Tiyera dal Fuwego, watau Ƙasar Wuta. Turawan da suka fara wucewa ta wurin a jirgin ruwa cikin 1520 su suka ba ta wannan suna, don sun hango wutar da mutanen ƙasar suka hura a bakin gaɓa. A ƙarshen shekarar 1832 wani jirgin Ingila mai suna Beagle ya iso can. A cikinsa akwai wani saurayi, Charles Darwin, wanda aikinsa shi ne tattara duwatsu da dabbobi da tsire-tsire na kowace ƙasa da suka sauka.

Da ya shiga kurmi sai ya ga rassan itatuwa sun kumbura sun yi ƙulu-ƙulu, a jikin ƙulun kuwa ga waɗansu abubuwa rawaya-rawaya birjik, kewayayyu, girmansu kamar na lemun tsami. Ƙaraminsu sumul yake, yana da taushi. In ya ƙosa sai ya yi tauri, jikinsa ya yi ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, ta cikin ramukan nan ne iri ke fita. Ya ga mata da yara suna tsinka da yawa, ana ci ɗanye. Shi ma ya ɗanɗana, ya ce yana da yauƙi da ɗan zaƙi-zaƙi. Mutanen nan kifi da naman teku su ne abincinsu, ba su noma, saboda haka wannan abu ba ƙaramin taimako yake yi musu ba. Amma fa ku kula, su sun san nasu tun kaka da kakanni. Cikin dangin naman kaza akwai masu dafi da ke kisa, kada yaro ya ci wanda babba bai nuna masa ba.

Darwin ya tsinko waɗansu, ya rubuta inda ya same su da irin itacen da suke kai, ya aika da su gida. Aka miƙa su ga wani limamin kirista, Miles Berkeley, wanda a zamaninsa babu wanda ya fi shi sanin naman kaza a Ingila. Ya duba, ya ga ba a taɓa rubuta irinsa ba. Cikin 1842 ya raɗa masa suna Cyttaria darwinii, don tunawa da wanda ya samo shi. A 1879 Berkeley ya ba da dubban samfurorin da ya tara kyauta ga Lambun Sarauta na Kiyu, a bakin kogin Tems a birnin Landan. Na Darwin yana can har yau.

Ma'ajin nan na Kiyu yanzu yana da busassun samfurori fiye da miliyan 1 da dubu 250, daga kowace nahiya, har da tamu ta Afirka. Yadda ake adana su ba wuya. A shanya abu da ɗumi kaɗan har ya bushe ƙayau, sa'an nan a sa shi cikin sanyi mai tsanani na 'yan kwanaki don ƙwari da ƙwayayensu su mutu, kana a naɗe shi a takarda a jera cikin akwati. In ya bushe yakan yamutse, launinsa ya dushe, wanda bai sani ba sai ya ce shara ce.

Darajarsa tana ga 'yar takardar da ke manne da shi. A kanta ake rubuta sunan wurin, da ranar, da wanda ya tsinko, da itacen da ya tsiro a kai. Samfurin da takardarsa ta ɓace kamar baƙo ne da ya manta garinsu.

Ga abin da takardun nan suka nuna. 'Yan shekaru bayan na Darwin, aka kawo wa Berkeley wani ɗan'uwan wannan naman kaza daga tsibirin Tasmaniya, kudu da Ostareliya. Daga baya aka samu waɗansu a Niyu Zilan. Da aka gwada takardu sai aka ga duk a kan dangin itace ɗaya suke, wanda masana ke kira Nothofagus, ba a kuwa taɓa samunsu a kan wani itace dabam ba. Tsakanin ƙasashen nan da Amurka ta Kudu akwai teku mai faɗin dubban mil. Yaya aka yi itace da baƙonsa suka kasance a gaɓa biyu?

Masana ƙasa sun gano cewa a zamanin da can, shekaru miliyoyi da suka wuce, Amurka ta Kudu da Antatika da Ostareliya a haɗe suke, kurmi ɗaya ya ratsa su, kafin su rabu sannu a hankali. An ma haƙo ganyen itacen nan da ya zama dutse a Antatika, inda yau babu itace ko ɗaya sai ƙanƙara.