Ta Ci 247 a JAMB, Za Ta Samu Likitanci?

Tambayar wannan mako daga wani uba ta zo, ɗan kasuwa a Azare. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Malam, 'yata ta kammala sakandare, ta ci 247 a JAMB. WAEC ɗinta ta yi kyau, sai Fiziks da ta samu D7, amma ta gyara shi a NECO. Likitanci take so. Ta sa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke nan garinmu a zaɓin farko, Bayero a na biyu. An ce mana ta wuce makin da ake nema nesa ba kusa ba, kuma ga shi mu 'yan gari ne. Mu kwantar da hankali ke nan? Akwai kuma wanda ya ce yana da hanya idan an ba shi wani abu."

Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka, ta yi ƙoƙari. Amma kada a kwantar da hankali tukuna, kuma kada a ba mai hanya ko sisi.

Mu fara da makin. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, mutum 1,955,069 ne suka zauna jarrabawar, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma ba su kai 200 cikin 400 ba. Idan aka auna 247 da wannan ma'auni, 'yarka tana sahun gaba, babu tantama. Sai dai a wannan sakamakon dai, mutum 73,441 sun ci tsakanin 250 da 299, wasu 12,414 kuma sun ci 300 zuwa sama. Wato kusan mutum dubu 86 ne suka ci 250 zuwa sama, duk sun fi 247, kuma ba a warwatse suke a kowane kwas ba. Kaso mai yawa na masu manyan maki wuri guda suke tururuwa: likitanci, haɗa magunguna, jinya, shari'a, kimiyyar kwamfuta da injiniyanci. Makin da zai sa a karɓi yaro hannu bibbiyu a sashen Kimistiri, shi ne zai bar shi a bakin ƙofa a sashen likitanci.

Abin da ke rikita iyaye shi ne makin da ake shelantawa a rediyo. A 2024 an ce 140 ne mafi ƙarancin makin shiga jami'a, a 2025 aka ce 150. Kowace jami'a kuma tana da nata da ta ɗora a kai, kowane sashe ma da nasa. Duk waɗannan izinin shiga layi ne kawai. Ka san tashar motar Kano ranar da fasinja suka yi yawa: kuɗin mota a aljihu ba shi ne kujera ba, idan mota ta cika ta cika. Kujerun likitanci kuwa ba jami'a kaɗai ke yanke yawansu ba. Majalisar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da dakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta, kuma wadda ta zarce tana fuskantar hukunci. Haka abin yake a shari'a da jinya da haɗa magunguna, kowanne da majalisarsa. Shi ya sa ko shugaban jami'a ƙaninka ne, ba zai ƙara kujera don 'yarka ba.

Sai maganar zama 'yan gari, wadda ita ce na fi so ka saurara da kyau, domin ita ce ta fi yaudarar mutanenmu na ƙasar Katagum tun da gwamnatin tarayya ta kafa wannan jami'a a Azare a 2021. A garinmu take, amma ta ƙasa baki ɗaya ce. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko. Mu ɗauka, don misali kawai, kujeru ɗari ne. Arba'in da biyar na farko, yaron Ibadan ko na Enugu da ya fi maki shi zai ɗauka, babu ruwan kowa da inda aka yanke masa cibiya. Talatin da biyar na biye ba na Azare ba ne, ba ma na Bauchi kaɗai ba. Za a raba su da maƙwabtan jihohi. Ashirin na ƙarshe kuwa, Bauchi tana cikin jerin, gaskiya ne, amma jihohi 23 ne a jerin, har da Kano da Kaduna da Kwara da Ribas. Raba ashirin gida ashirin da uku ka gani. Kuma a cikin ɗan abin da ya faɗo wa Bauchi, 'yarka za ta kara ne da 'yan ƙananan hukumomi ashirin na jihar, daga Zaki da Gamawa har Toro da Tafawa Ɓalewa. Zama ɗan jiha yana taimakawa, yana iya sa a ɗauki yaro da makin da bai kai na jerin cancanta ba. Amma taimako ne ga wanda ya riga ya matso kusa.

A ganina ma ba 247 ne babban abin dubawa a wasiƙarka ba, Fiziks ɗin nan ne. Likitanci yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta a samo su a zama ɗaya, wato duk a WAEC ko duk a NECO, ba a haɗa biyu ba. Saboda haka yau ɗin nan a ɗauko takardar NECO a duba. Idan duka biyar ɗin sun fita a cikinta, alhamdu lillahi, ita kaɗai za a gabatar, a ajiye WAEC a akwati. Idan kuwa sai an haɗa, to a buɗe sanarwar jami'ar ta bana da kundin kwasa-kwasai da ke shafin JAMB a karanta sharaɗin da ido, kada a dogara da "an ce". A kuma lura, makarantu da dama ba sa tsayawa a kan an ci ko ba a ci ba. Suna ba A1 maki, B3 maki ƙasa da shi, C6 ƙasa da wannan, su haɗa da makin JAMB da na jarrabawar tantancewa tasu, sannan su jera sunaye daga sama zuwa ƙasa. Yadda ake haɗawar ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, har daga shekara zuwa shekara. Ta haka mai 235 da A da B zai iya tsallake mai 255 da ya cika takarda da C6.

Bayero a zaɓi na biyu kuwa, ka ɗauka babu ita. Manyan jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Maiduguri, waɗanda suka sa su a farko ma sun fi ƙarfin kujerun, ballantana a waiwayi na biyu.

To yanzu me za a yi? Idan jarrabawar tantancewa ba ta wuce ba, a nan ne sauran ƙarfin yake. Yarinya ta koma kan littattafanta kamar ba ta taɓa zana JAMB ba, ta kuma riƙa gwaji a kan kwamfuta da agogo a gabanta. Yara da yawa daga ƙauyukanmu sun san karatun, linzamin kwamfuta ne da lokaci ke cin su.

Sannan ka je da ita da kanka cibiyar da JAMB ta amince da ita, ba kowane kafe ba, a tabbatar an ɗora sakamakonta na sakandare a CAPS, manhajar da ake ba da gurbin karatu ta cikinta. Wanda ba a ɗora nasa ba, ko 300 ya ci, jami'a ba za ta iya miƙa sunansa ba. Ka tsaya a bayan mai buga kwamfutar ka karanta abin da ke kan allo harafi-harafi. A nan ake yin ɓarnar da ba a ji ba a gani: a NIN an rubuta Aishatu Muhammad, a WAEC Aisha Mohammed, ranar haihuwa a wannan takarda 1 ga Janairu, a waccan wani watan daban, ƙaramar hukuma an danna Katagum alhali takardar shaidar asalinta ta Shira ce. Wani lokacin ma yaron kafe lambar wayarsa da imel ɗinsa ya sa don ya rage wa kansa aiki, sai saƙo ya zo masa, mai abu yana gida yana jira. Layin wayar da aka yi rajista da shi a riƙe shi kamar takardar fili, kada a ba ƙane ya sa a wayarsa. A duba shekaru kuma, domin 16 ne mafi ƙaranci da aka tsayar a 2025.

Daga nan sai zama na gaskiya tsakaninka da ita da mahaifiyarta. Tambayar ita ce: likita take so ta zama ko ta halin ƙaƙa, ko aikin asibiti take so? Idan na biyun ne, ƙofofi suna da yawa: jinya, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton cikin jiki, gashin ƙashi, kula da lafiyar ido, haɗa magunguna. Su ma ana rububinsu, musamman jinya, amma a yawancinsu 247 tana da ƙarfin da ba ta da shi a likitanci. JAMB tana ba da damar canza kwas ko makaranta da ɗan kuɗi kaɗan, sai dai a yi shi kafin jami'ar da za a koma ta rufe tantancewarta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a raina Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau, ga ta nan kusa da gida. Ta jiha ce, ɗan Bauchi shi ne a gaba a cikinta, kuma masu son shari'a suna da tsangayarta a Misau. Akwai kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wadda ita ma tana koyar da likitanci.

Wani tarko da nake so ka sani: idan ba a samu likitanci ba, jami'a takan tura yaro wani kwas, kamar Anatomi ko Fiziyoloji ko Bayoloji, sai a ce masa ya karɓa, in ya shiga zai canza. Kwasa-kwasai ne masu daraja ga mai son su, amma ba sa mayar da mutum likita, kuma tsallakawa daga cikinsu zuwa likitanci abu ne da ƙalilan ke samu, a wasu makarantun ma babu shi sam. Idan 'yarka ta karɓa, ta karɓa don ta yarda da shi. Kuma da zarar ta danna amincewa a CAPS, maganar wani gurbin a wannan shekara ta ƙare, don haka kada a danna cikin ɗoki, kada kuma a bar tayin ya yi ta zama har wa'adinsa ya wuce.

Idan kuwa ta ce ita likitanci ko babu, kuma ka ga da gaske take, jiran shekara guda ba abin kunya ba ne, in dai shekarar aiki ce ba ta zaman ɗaki ba. Ta sake JAMB da niyyar haura 280, ta sake zana WAEC ko NECO don ta haɗa biyar ɗin a zama ɗaya da sakamako mai kyau. Akwai kuma hanyar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai-tsaye, amma kujerun likitanci ta wannan ƙofa sun fi na JAMB ƙaranci, sai wanda ya yi zarra. Ni dai ba na ba da shawarar a wuce gwaji biyu. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da aka bari suna maimaita jarrabawa shekara bayan shekara don a kira su dakta, har karatun ya fita daga ransu, alhali tsararrakinsu da suka karɓi jinya sun fara ɗaukar albashi.

Masu hali sukan ce a fitar da yaro waje kawai. Kafin a sayar da gona, a tuna ɗalibanmu da aka kwaso daga Sudan a 2023 da yaƙi ya ɓarke, da yadda faɗuwar naira ta tsayar da karatun wasu a tsakiya. A kuma sani, wanda ya karanto likitanci a waje sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci a nan gida kafin a ba shi lasisin taɓa marar lafiya.

Mai hanya kuma, Alhaji, ga yadda sana'arsa take. Yana karɓar kuɗin mutum goma, bai yi komai ba. Biyu su samu da ƙoƙarinsu, ya ce shi ne. Takwas ya ce musu an samu matsala daga sama. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai kawo takardar shiga makaranta da ba ta bi ta CAPS ba. Tun 2017 ta wannan manhaja ake ba da kowane gurbi na halal, kuma wanda sunansa bai shiga kundin JAMB ba, zai iya gama shekarunsa cif, ranar tafiya bautar ƙasa a ce ba a san da shi ba.

Idan tana da ƙanne a aji huɗu ko biyar na sakandare, da su za ka fara tun yanzu. Ka je makarantarsu ka tambaya ko akwai malamin Fiziks da na Kimistiri na dindindin, ko kuma ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi a tsakiyar zango, ka kuma nemi a nuna maka ɗakin gwaji ka ga ko ana buɗe shi. Idan babu, a nemo musu darasin yamma a waɗannan biyun da Turanci tun daga wannan zangon, a gyara musu NIN ya dace da sunan da ke rajistar makaranta kafin a kai ga cike fom ɗin WAEC.