Ƴan kwana-kwana: daga ina aikinsu ya faro?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu ta taso. Lokacin gobara ke nan. Darasinmu na yau a kan masu kashe ta ne.

Yadda ake yi a da

A zamanin kakanninmu babu ma'aikatan kashe gobara. Idan wuta ta tashi, sai a yi kururuwa. Mata su fito da tulunan ruwa, maza su watsa ƙasa, samari su ture dangar kara domin wuta ta rasa abin ci. Wannan dabara tana aiki a ƙauye. Amma da birane suka girma, kasuwanni suka cika, sai tulu ya kasa.

Yadda aikin ya zama na soja

A shekarar 1810 wata gobara ta halaka mutane wurin wani biki a Paris, babban birnin Faransa. Saboda haka a 1811 sarki Napoleyon ya kafa bataliyar soja, aikinta kashe wuta. Nijar ta gaji wannan tsari daga Faransa. Shi ya sa ƴan kwana-kwananmu, waɗanda ake kira pompiye, sojoji ne. Ban da kashe gobara, suna ɗaukar waɗanda suka yi haɗarin mota, suna ceton wanda ya faɗa rijiya. Lambar kiransu ita ce 18.

Gobarar da ba mu manta ba

A 1982 babbar kasuwar Yamai ta ƙone, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. A watan Nuwamba na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Zana da kara ba sa jiran mota: cikin ƴan mintoci sun zama toka.

Mu fa a Maijirgi?

Motocin kashe gobara a birane suke. Kafin su iso ƙauyukan Tasawa da Mayahi, rumbu ya gama ci, wahalar damina ta tafi a banza. Don haka mu ne ƴan kwana-kwana na farko. Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu share ciyawa kewaye da rumbuna, mu nisanta su da murhu.
2. Mu kashe garwashi bayan girki. Kada mu aiki yaro ɗebo wuta idan ana iska.
3. Kada mu ajiye man mota a ɗakin kwana. Wutar mai da ƙasa ake kashe ta, ruwa yaɗa ta yake yi.
4. Mu share hanya mai faɗi tsakanin daji da gonaki domin tare wutar daji.
5. Wanda ya ƙone, mu zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20. Kada mu shafa mai ko toka. Mu kai shi asibiti.

Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa bataliyar kashe gobara a Paris?
2. Wace lamba za mu kira?
3. Me ya sa ba a kashe wutar mai da ruwa?