Harafi Mai Tudu

A kan ga hula da harafi a gabanta, ya yi tudu. Wani lokaci harafin farko ne na sunan mai hular.

Ga yadda tela ke yinsa. Da fari ya kan miƙe yadi sarai, ya ɗora soso marar kauri a kai. Sa'an nan keken surfani ya bi siffar harafin, zare kusa da zare, har ya rufe soson. Tela ya yage ragowar, sai harafi ya fito.

In zaren ya yi tazara, soso ya kan leƙo, aiki ya ɓaci. Saboda haka tela mai hankali ya kan gwada a ƙyalle tukuna.