Filin Gyaran Turanci: Ambaliya Ba Ta Rushe Ɓarna

Malam,

Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata a Haɗeja. Makon jiya na sa 'yan aji biyar su rubuta insha'i a kan ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a yankinmu a daminar 2022. Wata yarinya mai ƙoƙari ta rubuta: "The flood wrecked havoc on our farms." Na ba ta maki mai kyau, har na karanta wa aji jimlar don su yi koyi da ita.

Da muka fito tara, wani abokin aikina ya ɗauki littafin a kan teburina, ya ja jan biro a ƙarƙashin wrecked, ya ce wrought ake cewa. Wani malamin ya ce ina, wreaked ne. Aka yi ta musu har aka kaɗa ƙararrawa. Ni kuma na sha ganin wreck havoc a kanun jaridunmu. Tun ranar kunya ta hana ni sake tayar da maganar a aji. Wa ke da gaskiya, kuma me zan ce wa yarinyar nan?

Malama H., Haɗeja

Malama,

Allah Ya saka miki da alheri da ba ki binne maganar ba. Mai jan biron nan ya yi daidai da ya ja layin, amma na biyun ya fi shi kusa da gaskiya. Jimlar da ba wanda zai taɓa ita ce: The flood wreaked havoc on our farms.

Bari mu fara da Hausa, don a nan abin zai fi zama. Muna cewa ruwa ya rushe gida, muna kuma cewa ruwa ya tafka ɓarna. Kin taɓa jin Bahaushe ya ce ruwa ya rushe ɓarna? To abin da ɗalibarki ta rubuta ke nan. Wreck na nufin ragargaza abu, kuma abin da ya biyo bayansa a jimla shi ne wanda aka ragargaza: mota, jirgin ruwa, gada, har aure. Shi kuwa wreak aikinsa irin na "tafka" ne, wato ya sauke wa mutane abin, kuma abin da ya biyo shi shi ne masifar da aka sauke. Saboda haka the flood wrecked our farms daidai ne. Idan aka ce wrecked havoc kuwa, an mayar da ambaliya gwarzuwar da ta zo ta kashe ɓarna, kuma na tabbata manoman Haɗeja ba haka suka gani ba.

Tushen rikicin kunne ne. Duka kalmomin biyu ba a furta w ɗin farkonsu. Wreak ana jan wasalinta, riik, ita kuwa wreck a gajarce take, rek. Wannan bai kamata ya gagari yaranmu ba, tunda ba sa haɗa garin Kano da garin tuwo ko da a rubuce iri ɗaya ne. Sai dai ki gargaɗe su da wata ta uku, reek, mai nufin wari ko ɗoyi, wadda furucinta ɗaya ne sak da wreak. Wanda ya rubuta reeked havoc ya ce ambaliya ta yi warin ɓarna.

Batun wrought shi ne mai ɗan tarihi. Ba ta da alaƙa da wreak a asali. Tsohuwar siga ce ta abin da ya wuce na work, kafin worked ta ture ta, kuma har yau tana nan a wrought iron, ƙarfen da maƙeri ya sarrafa. Turawa sun daɗe suna cewa work havoc, don haka wrought havoc tana da gindin zama, kuma manyan marubuta na amfani da ita. Kuskuren abokin aikinki shi ne ɗauka cewa ita kaɗai ce daidai. Ni dai ba na koya wa 'yan sakandare ita, domin tana da nauyi kamar babbar riga a filin ƙwallo, kuma yaro zai ɗauka daga wreak ta fito.

Ita kanta havoc ba ɓarna take nufi ba tun farko. Kira ne na fagen fama da ya shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, kwatankwacin a ce wa dakaru "wasoso!" su auka wa ganima. A 1385 Sarki Richard na Biyu na Ingila ya sa a dokokin rundunarsa cewa wanda ya yi wannan kira, hukuncinsa kisa ne. Shi ya sa har yau kalmar take ɗauke da hargitsi da ruɗani. Akuya ta ci ganyen zogale biyu ba havoc ba ne. Damage ya wadatar, kuma caused damage ake cewa.

Jaridu kuwa, Malama, ai ba alƙalai ba ne. Ana rubuta kanun labarai cikin gaggawa, kuma kwamfuta ba za ta ja layi ba tunda wreck kalma ce ta gaske. Mai duba jarrabawar WAEC kuwa zai ja.

Game da yarinyar, kada ki kira ta gefe. A gaban aji kika yaba jimlar, a gaban aji za ki gyara ta, ki fara da cewa ke ma ta wuce ki. Kada ki rage mata maki, domin ta san havoc, ta kuma sa on a inda ya dace, wanda da yawa ba sa yi. Ki rubuta jimloli biyu a allo, the flood wrecked our farms da the flood wreaked havoc on our farms, ki ba ta alli ta fassara wa 'yan'uwanta kowacce da Hausa.